Shanun Dogo da Takardar Saliyo

Shekara goma sha ɗaya na yi ina duba auduga a fulotin Malumfashi, wato kasuwar auduga ta gwamnati, kuma in akwai wanda ya taɓa ba ni ko ƙwan zabo ɗaya na karɓa, ya fito ya faɗa. Ni ne Malam Aƙilu. Aikina shi ne manomi ya kwance ƙunshin audugarsa a gabana, in zura hannu har gwiwar hannu, can ƙasa inda ake ɓoye ta banza da tsakuwa, in ce lamba ɗaya ce ko ta biyu ko ta uku, sannan in rubuta takarda in buga hatimi. Da wannan takarda ake auna mashi, da ita ake biyansa. An kawo mani kaji, an kawo mani rago, har wani mara kunya ya taɓa turo mani buhun shinkafa ta hannun surukata. Duk na mayar. Ba yabon kai nake yi ba, ina faɗa ne don ku san irin mutumin da ya jawo wa Dogo abin da ya same shi.

Dogo Bamaguje ne, gidansa na bayan gari, tafiyar sa'a guda a ƙafa. Sunan ma gado ne, kakansa ne dogon, shi ko kafaɗata bai kai ba. Audugarsa ban taɓa rubuta mata lamba biyu ba. Baki ashirin da uku ke ci a gandunsa, kuma gandun nan bijimai biyu ne ke riƙe da shi, shanun huɗa da ya raina tun suna maruƙa. Ɗaya baƙi ne, ya sa mashi suna Alƙali, wai don sai ya yi nazari kafin ya ɗaga ƙafa. Ɗayan ja ne, shi ne Dogari, don shi ba ya nazari sam. Tsakanina da Dogo wasa ne. In ya zo fuloti sai ya ce, "Malam, yaushe za ka zo gidana in ba ka mai sanyi a ƙwarya?" Ni kuwa in ce sai ranar da na gan shi da buta yana alwala.

Da bazarar shekara ta huɗu bayan samun mulkin kai, an rufe fuloti, kowa ya gama sharar gona ana jiran ruwa, ina zaune a zaurena da hantsi sai ga Dogo ya yi sallama. Bayansa akwai wani mai baƙin tabarau da haƙorin zinariya. Sai da ya cire tabaran na gane Shitu ne, ɗan unguwar mahauta, wanda ya bar gari shekara bakwai da suka wuce aka ce yana Saliyo wajen haƙar arziki.

"Malam," in ji Dogo, "karatu na kawo maka."

Shitu ya waiwaya hagu da dama kamar ɓarawon akuya, ya ciro wata 'yar batta daga aljihun ciki, ya buɗe. A kan ɗan guntun auduga ga wani farin dutse, bai fi ƙwayar masara ba.

"Daimon ne," ya ce a hankali. "Lu'ulu'u ke nan da kake ji ana faɗa. A Kano akwai wani Kwara, cikin Larabawan nan masu kantuna, da zai ba da kuɗin bijimi ashirin a kansa, ko ciniki ba zai yi ba. Ni ne ba zan iya shiga Kano ba, akwai waɗanda muka rabu dutse a hannun riga, suna nemana. Abin da nake so shi ne abin da zan iya juyawa a nan kusa in yi gaba."

Abin da zai iya juyawa a nan kusa, ai kun gane, Alƙali da Dogari ne. Dogo ya riga ya gama gini a kansa: kwana huɗu zuwa Kano da dawowa, ya sayi wasu bijimai huɗu kafin ruwa ya sauka, ya sayi fadamar da ke gefen gonarsa wadda ya daɗe yana haɗiyar miyau a kanta, ya rufa wa matarsa Tsohuwa ɗaki da kwano. Da ina cikin hankalina da na tuna banza ba ta kai zomo kasuwa. To amma kafin in buɗe baki Shitu ya miƙo mani takarda.

Kai, takarda! Ni mutumin takarda ne, na san mai kyau in na gani. Mai kauri ce, an buga ta da keken rubutu cikin Turanci, da lamba a sama, da sa hannu da shuɗiyar tawada a ƙasa. Hatiminta ba irin nawa na roba ba ne, irin mai tudu ne wanda ake ji da yatsa. Na fita da ita rana na ɗaga, sai ga tambari a cikin jikin takardar kanta, irin na takardun gwamnati. Ta ce an kawo dutse ofishin masu kimanta daimon a Saliyo, an duba, ɗanyen daimon ne, fari, ba shi da tsaga, nauyinsa a ma'aunin daimon karat uku da ɗigo ɗaya. Na karanta sau uku. Na fi rubu'in sa'a ina juya takardar nan, ina jin daɗin Turancina a gaban mutane biyu da ba su iya ba. Dutsen kuwa ko minti ɗaya ban ba shi ba. Shitu ya ɗauke shi ya ja a gilashin fitilata ta ƙwai, ya bar zane, na gyaɗa kai kamar na san wani abu.

Dogo ya matso, ya dafa gwiwata. "Malam, ni ban san daimon ba, ban san Saliyo ba, wannan mai haƙorin ma ban san shi ba. Kai na sani. Takardar gaskiya ce?"

Na ce, "Ƙwarai kuwa. Gaskiya ce."

Kashegari Shitu ya kora shanun. An ce Tsohuwa ta bi su har bakin rafi tana zagin Shitu, tana zagin Dogo, ta haɗa har da ni.

Bayan kwana uku muka hau motar Funtua ni da Dogo. Shawarata ce mu bi ta can, don akwai wani dattijo, Alhaji Abdussamad, mai kantin atamfa kusa da gidan gurzar auduga, wanda ya yi shekara goma sha biyu a ramukan daimon na Saliyo kafin ya tuba ya dawo gida. Na ce zai ba mu wasiƙa zuwa ga mai saye a Kano don kada a yi mana kallon ƙauyawa, daga nan mu shiga jirgi. Duk hanya hannun Dogo na kan ƙirjinsa inda ya ɗaure battar, yana yi wa kowa murmushi. Gabas kuwa ta fara haɗa hadari, iska na kawo ƙamshin ruwan da aka yi a wani wuri.

Alhaji Abdussamad ya shigar da mu bayan kanti, ya sa aka kawo mana ruwa. Ya karɓi takardar, ya shafa hatimin da babban yatsa, ya yi murmushi kamar wanda ya ga tsohon aboki.

"Na san ofishin nan. Na san wannan sa hannun ma, wani siririn mutum ne mai tari. Malam, me ta ce a kan nauyi?"

Na faɗa mashi. Ya tashi ya buɗe akwati, ya ɗauko wani ɗan sikeli wanda dukansa zai shiga tafin hannu, da 'yan duwatsun awo kamar ƙwayar gero. Ya ɗora dutsenmu. Ya ƙara, ya rage, ya hura, ya sake. Sannan ya ɗago kai.

"Uku da rabi, har da ɗoriya."

Dogo ya buga cinya ya yi dariya. "Aradu! Ashe ma riba muka ci, Malam! Ya fi abin da aka rubuta!"

Ba wanda ya taya shi. Ni dai na san abin da ake nufi in awo ya saɓa wa takarda.

"Bawan Allah," in ji Alhaji, "na ga mutum ya yi ƙiba a hanya, na ga jaki ya yi. Ban taɓa ganin dutse ya yi ba."

Ya ciro wani ɗan tsinken ƙarfe mai ɗigon haske a bakinsa, ya ce wannan ɗan mitsitsin shi ne daimon na gaske, kuma babu abin da ke zana daimon sai ɗan'uwansa da ƙyar. Ya ja shi a jikin dutsenmu sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Ya bar farin layi kamar an ja farce a sabulu.

"Irin wannan masu haƙar kuza ke zubarwa a Jos. Shi ma yana zana gilashi. Mudu guda ba mai ba ka sule."

Na fizge takardar na ce haba Alhaji, dubi hatimin nan, dubi tambarin nan, wa zai iya ƙirƙirar wannan?

"Wa ya ce maka ƙirƙira aka yi? Takarda ta gaskiya ce. An kai wani dutse ofishin nan, an auna, an duba, duk abin da ta faɗa haka yake. Wannan dutsen yanzu ƙila yana yatsar wata Baturiya. In dutse ya tafi, takarda takan rage a hannun dillali, sai a sayar da ita daban, har kasuwarta ake ci. Kuma ko da dutsen nata ne, ni na sha kai dutse ɗaya wuri biyu in fito da takarda iri biyu, wannan ya ce fari tas, wancan ya ce da ɗan ruwan ɗorawa. Mai saye na gaske ba ya sayen takarda, dutse yake saye." Ya dube ni ta saman tabaransa na karatu. "Kai ba aikin fuloti kake yi ba? In mutum ya zo maka da ƙunshi da takardar lamba ɗaya a hannunsa, kakan wuce shi ba ka zura hannu ba?"

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Ban taɓa yi ba, ko sau ɗaya. Ko ɗan'uwana uwa ɗaya uba ɗaya sai na zura hannu.

Dogo bai yi ihu ba, bai zage ni ba. Leɓensa kawai ke motsi, da ƙyar maganar ta fito. "Shanuna."

Alhaji ya ce jiya aka ci kara, kasuwar shanu ke nan, kuma duk abin da fatake suka saya yau ake lodinsa a tasha, jirgin Ikko zai tashi ƙarfe huɗu. In Shitu na da wayo nan ya kawo su, don nan ne ba mai tambayar asali. Agogona ya nuna biyu da rabi. Dogo ya miƙa hannu ya tattara dutsen da battar da takardar ya cusa a ƙirji. A lokacin ban kawo komai a raina ba.

Muka fita da gudu. Ni da babbar riga da hula, malamin gwamnati, ina gudu a tsakiyar Funtua kamar wanda kare ya biyo, takalmina ɗaya ya cire ban tsaya ba. A kara ba kowa sai kashin shanu da dillalai biyu suna kasa goro a gindin tsamiya. Da muka kwatanta, ɗaya ya ce ai ya gane, mai haƙorin zinariya, bijimai biyu ƙosassu masu tabon karkiya a wuya. Ya sayar tun jiya da hantsi, ya shiga motar Gusau ko sallama bai yi ba. Wanda ya saya Alhaji Mudi ne, falken da ke kai shanu Ikko.

A tasha taragai sun yi layi, kowanne cike da ƙaho da kuka, ga wari, ga zafi. Dogo bai nemi kowa ba. Ya fara daga na farko yana tafe yana wani irin kira da harshe, irin wanda yake yi a bakin gona. Na farko shiru, na biyu shiru. A na bakwai sai muka ji an daki katako har taragon ya girgiza, wani jan hanci ya kutso ta tsakanin sanduna. Dogari ne. Can sai ga baƙin ma ya turo nasa a hankali. Dogo ya ɗora tafi ɗaya a kan wannan, ɗaya a kan wancan, ya jingina goshi da katakon. Na kau da kai.

Alhaji Mudi na zaune a kujera a inuwar rumfar awo, ƙaton mutum, baki ja wur da goro, yana kallon masu lodi. Na durƙusa na gaishe shi, na fara, "Ranka ya daɗe, wani macuci ne ya..." Sai na ji an taka mani ƙafar da ba takalmi, takun da ya kusa fasa mani farce. Dogo ne ya iso. Ya tsuguna ya karɓe maganar.

"Alhaji, shanun nan biyu nawa ne. Musanya na yi da su, gida ya ƙi yarda. Ga hadari can, ba ni da abin huɗa. A taimake ni."

Alhaji Mudi ya ce shi da kuɗinsa ya saya a gaban shaidu, in muna da kuɗin mu ajiye mu kwance abinmu, bai hana ba. Ina muka gan su? Na kwance agogona na ajiye a gabansa. Na ce ina da keke a Malumfashi, sabo, ina da rediyo, ina da keken ɗinkin matata, duk ya ɗauka. Ya juya agogon da yatsa ɗaya ya ce duk tarkacen nan ba su sayi cinyar baƙin ba, kuma shi jirginsa ba ya bi ta Malumfashi.

"To da me ka yi musanyar, da za ka rabu da irin waɗannan?" ya tambayi Dogo.

Dogo ya ciro battar ya buɗe a hankali, yana kare ta da jikinsa, daidai yadda Shitu ya yi a zaurena. Ya shimfiɗa takardar a gefenta.

"Daimon aka ce mani, daga Saliyo. Ni manomi ne, Alhaji, me zan yi da dutse? In kana so ka riƙe, ka ba ni shanuna."

Sai a lokacin na gane dalilin takun ƙafa. Na dubi Dogo, mutumin da ko ganye ɗaya bai taɓa ɓoyewa a audugarsa ba, zufa na tsiyaya daga haɓarsa, bai yarda mun haɗa ido ba.

Alhaji Mudi ya daina tauna. Ya ɗauki dutsen ya ɗaga, ya ajiye, ya shafa hatimin nan mai tudu. Ya ce ya sha jin labari a Ikko, wani ɗan Bakori da dutse ɗaya irin wannan ya sayi manyan motoci uku. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya yi tsaki, ya ce shi ajami kawai ya iya. Sai ya ƙura mani ido.

"Tsaya. Kai ba kai ne Malam Aƙilu na fulotin Malumfashi ba? Wanda ya mayar wa ƙanena Isyaku da ragonsa, ya kuma rubuta mashi lamba uku?"

Na ce ni ne.

Ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "Shekara biyu yana tsine maka! To magana ta ƙare. Ba na buƙatar kowa. Karanta mani."

Na karanta, na fassara, kalma bayan kalma. Ɗanyen daimon, fari, ba tsaga, karat uku da ɗigo ɗaya. Can gaba kan jirgi ya fara huci, wani ma'aikaci na bin taragai yana buga sakata.

"Malam, kai na yarda da kai. Takardar nan gaskiya ce?"

Ku ji fa, ba ƙarya zan yi ba in na ce e. Ko gaban alƙali aka kai ni, ko Alƙur'ani aka ɗora mani, ba abin da zai ci ni. Shi kuma Alhaji Mudi bijimai biyu a wurinsa kamar a ɗebi ludayi ne a kogi, yana da ɗari da wani abu a jirgin nan kaɗai. Dogo kuwa su ke nan gare shi. Kuma ni na jefa shi ramin, da bakin nan nawa. Duk wannan na auna shi a tsaye, kuma duk ya rinjaya wuri ɗaya.

Na ce, "Takarda gaskiya ce, Alhaji."

Ya ɗaga hannu ya ƙwala wa mai kula da shanunsa kira. "Ɗanasabe! Buɗe na bakwai, a sauko da ja da baƙin nan!" Ɗanasabe, wani tsamurarren dattijo mai sanda, ya nufi taragon, ya kama sakata.

Sai na ji bakina ya ce, "Amma ba ta wannan dutsen ba ce."

Kada ku tambaye ni. Shekara da shekaru ina tambayar kaina. Wani lokaci in ce tsoron Allah ne, in ji sanyi. Wani lokaci kuma in san sarai abin da na hango a lokacin: Alhaji Mudi ya dawo daga Ikko yana faɗa a kowace kasuwa cewa Malam Aƙilu ma ashe ɓarawo ne. In haka ne, sunana na ceta, kuma da shanun wani na biya.

Hannun Alhaji Mudi ya tsaya a sama. Na faɗa mashi sauran, sikeli da tsinken ƙarfe da kuzar Jos, ban rage komai ba. Ya yi salati, ya ture battar da bayan hannu kamar ta ƙone shi, ya ce wa Ɗanasabe ya bar sakata yadda take. Ya yi wa Dogo wani irin kallo, ya ce da ba don darajar malamin nan ba da yau a hannun 'yan doka zai kwana. Sannan ya zaro farin goro babba ya danƙa mani a hannu.

"Allah ya saka maka da alheri, Malam. Irinku sun yi ƙaranci a ƙasar nan."

Goro! Na zube a gabansa na kama gefen rigarsa, hulata ta faɗi. Na ce Alhaji don girman Allah, don darajar iyayenka, in ka ga na yi maka alheri to ka rama mani da shanun nan, ko ɗaya ne. Na ce mutum ashirin da uku ne, har da tsofaffi da masu goyo. Na ce ka ɗauke ni aiki, in bi ka Ikko in riƙa wanke taragai. Ina kuka wiwi, masu lodi sun tsaya suna kallo. Ya janye rigarsa a hankali, ya ce ya tausaya ƙwarai, amma shi ba shi ya cuce mu ba, kuma in ya fara sauke shanu don hawaye ba zai kai ko akuya Ikko ba. Ya mayar mani da agogona, ya tashi ya nufi ofishin tasha.

Da na miƙe ban ga Dogo ba. Can na hango shi a bakin na bakwai yana magana da Ɗanasabe, wanda zai bi jirgin. Na matsa na ji yana cewa, "Baƙin nan ba ya shan ruwa in ana tsaye a kansa, sai ka ajiye ka ba shi baya. Jan kuma kada ka bi ta hagunsa, yana harbi. In ka samu kanwa ka jiƙa masu da safe, sun saba."

Ɗanasabe ya sosa ƙeya. "Baba, kwana uku ne fa kawai. Daga jirgi sai kwata."

"Na sani," in ji Dogo. "Ka dai ba shi baya."

Ƙarfe huɗu da 'yan mintoci aka busa usur. Taragai suka yi ƙara ɗaya bayan ɗaya, suka fara ja. Dogo ya bi na bakwai yana tafe, hannunsa cikin sanduna, sannan yana sassarfa, sannan yana gudu da 'yan gajerun ƙafafunsa, har inda dandamali ya ƙare ya faɗi a kan tsakuwa. Na je na ɗago shi. Gwiwarsa ta fashe, bai ko duba ba. Ya tsaya yana kallon jirgin har ya sha kwana.

Na ce, "Dogo, ka yafe mani. Ba zan iya..."

Ya zare hannunsa daga nawa. Ba da faɗa ya yi maganar ba, da ma ya yi faɗan.

"Malam, ranar da ba ka sani ba, ka ce gaskiya ce. Yau da ka sani, ka ƙi yin shiru. Kai duk biyun mutumin kirki ne. Ni duk biyun ni na biya."

Ya juya ya kama hanyar Malumfashi a ƙafa. Na bi shi ina cewa ga mota can za ta tashi, ga kuɗin mota, bai waiwayo ba. Kafin ya kai ƙofar tasha iska ta taso, aka yi tsawa, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Masu lodi suka jefar da sanduna suna tsalle suna hamdala, mata masu tallar fura na guɗa a ƙarƙashin rumfa. Na tsaya a tsakiyar fili da takalmi ɗaya da goro a hannu, ina kallon bayansa har ruwa ya rufe shi.

Ruwan shuka ne. Kwana biyu ya yi yana zuba, ƙasa ta jiƙu har kamu uku, kuma a rana ta uku duk mai shanu a ƙasar Malumfashi ya ɗaura karkiya ya shiga gona.